Ajiyar Loda a Bayan Ɗakin Kaji

"Lafiya lau muka kwana, sai dai ban gane mai gaisuwar ba. Wane tsoho ne Kawu ya aiko mini a kan tarakta?"

Mai Kaji ce ta faɗi haka, tana tsaye a ƙofar ɗakin kajinta da bokitin dusa a hannu, tana kallon Direba yana neman hanyar saukowa. Da can tsalle ɗaya yake yi ya diro tun injin bai gama mutuwa ba. Yau kuwa sai da ya fara jefo sandar dogarawarsa ƙasa, ya juya baya, ya riƙe ƙarfen kujera da hannu biyu, ya laluba matakala da ƙafar dama, sannan ya jawo ta hagu a hankali kamar wadda ya aro.

"Guntuwa, matso ki durƙusa in taka bayanki. Tsawonki daidai matakala."

"Ka taka ni, ɗayar ma sai an ɗaure ta."

Haka suke gaisawa tun suna yara. Mahaifinsa, wanda take kira Kawu, da mahaifiyarta wa da ƙanwa ne, su kuma a shekara ɗaya aka haife su, har yau ba su daidaita kan wanda ya girmi wani ba. Ita ta ce ta goya shi, shi ya ce shi ya koya mata tafiya, kuma da ya san iyakar tsawon da za ta yi ke nan da bai wahalar da kansa ba. Aure ya zo, 'ya'ya suka zo, furfura ta fara leƙowa a gemunsa, amma ko a taron dangi suka haɗu sai an matsa musu wuri.

Abin da ya kawo shi a wannan safiya ajiyarsa ce. Loda, wato hannuwan ƙarfen nan biyu masu ƙaton bokiti da ake ɗaurawa a gaban tarakta a kwashi yashi ko taki a zuba a mota, ita ce ke riƙe da gidansa idan aikin huɗa ya ƙare. A farkon damina ya zo ya kwance ta a filin da ke bayan ɗakin kajin, ya ce kwana biyu kawai, zai je ya yi wa wasu huɗa ya dawo. Bai dawo ba. Babur ya zame da shi a taɓo, ƙashin cinyarsa ya karye, aka kwantar da shi asibiti, daga nan aka mayar da shi gida ya ci gaba da kallon silin. Taraktar aka tura ta rumfar gidan Kawu, ita kuwa loda ba mai iya ɗaga ta, ta zauna inda ya bar ta, ruwa da rana suna karɓa-karɓa a kanta.

Suka nufi bayan ɗakin, shi yana dogara sanda, ita tana gaba tana kwaikwayon tafiyarsa. Ya shaida mata cewa ranar da aka sallame shi ma'aikatan asibiti har kuka suka yi. Ta ce ai dole, kukan murna ne, yanzu abincin marasa lafiya zai riƙa kaiwa gadon ƙarshe. Ya ce ta iya bakinta, domin ƙarfen da likita ya sa masa a cinya irin wanda ake ƙera jirgin sama da shi ne, ba kowane talaka ake sa wa ba.

"To ka yi hankali da masu sayen gwangwan," in ji ta. "Sun zo sun zagaya lodarka na kore su. Kai kuwa in sun zo, da hannuna zan ɗora ka a sikeli."

"Ke da kajinki gaba ɗaya ba ku kai nauyin ƙusa ɗaya a ƙafata ba."

Tana mayar masa, amma zuciyarta tana wajen abin da za ta nuna masa. Ba ƙaramar wahala ta sha a kan ƙarfen nan ba. Ruwan farko da aka yi bayan ya faɗi, ta fito ta tarar bokitin ya cika taf, kafin mako ya zagayo kwaɗi sun tare, sauro ya buɗe kasuwa. Da kwano ta riƙa kwashe ruwan tana watsarwa har bayanta ya ƙage. Da ta ga abin ba mai ƙarewa ba ne, sai ta ɗauko sabuwar baƙar ledar da ta tanada don rufe tagogin ɗakin 'yan tsaki, ta naɗe lodar tun daga sama har ƙasa, ta cusa bakin ledar a ƙarƙashi, ta jera duwatsu kewaye, ta ɗaure da igiya. Duk sa'ad da iska ta yaga wani wuri, ta zauna da allura da zare ta yi faci. Ko sau ɗaya ba ta buɗe ba, don kada ɗigon ruwa ya samu hanya. Da ta je duba Direba a asibiti, ta ce masa ƙarfensa yana cikin gatan da shi kansa bai taɓa samu ba, shi kuma ciwo bai bar shi ya tambayi wane irin gata ba ne.

Da suka sha kwana, sai ga ta kamar wani baƙin dutse a tsakiyar ciyawa. Direba ya tsaya.

"Wannan giwa kika kashe kika ɓoye?"

"Ajiyar masu hankali ke nan. Buɗe idonka ka koya."

Ta kwance igiyoyin da kanta, ta ture duwatsun da ƙafa, ta kama gefen ledar ta yaye da ƙarfi, tana jiran ta ga bakinsa ya mutu. Wani zafi mai warin danshi ya bugo su. Cikin ledar duk ɗigon ruwa ne, suna gangarowa. Ƙasar da ke ƙarƙashi a jiƙe take sharkaf, ciyawar wurin ta yi fari ta ruɓe. Bakin bokitin ya yi ja da tsatsa.

Ta yi sauri ta ce wannan ai ba komai ba ne, yashin kwana ɗaya zai goge shi. Ya gyaɗa kai, ko kallon bokitin bai yi ba. Ya wuce ya tsaya wajen sandunan ƙarfen nan masu sheƙi, waɗanda ke shiga suna fita cikin bututunsu idan hannuwan za su ɗaga ko bokitin zai juya. Guda huɗu ne, biyu a kowane gefe. Ta san su da ƙyalli kamar madubi. Yanzu duk sun yi ɗigo-ɗigon ja, kamar fuskar mai ƙyanda. Ya sa farcen babban yatsa ya bi ɗaya daga sama zuwa ƙasa, ya zagaya ya bi na ɗaya gefen. Daga nan idonsa ya sauka kan ledar da ke yashe a ƙasa. Ya sa sanda ya juya ta, ya daɗe yana kallon facin da ta yi, layi bayan layi, wani da baƙin zare, wani da ja da baƙin ya ƙare.

Ya ɗago ya ce, cikin murya mai sanyi, "Kin yi ƙoƙari, 'yar'uwa. Allah ya saka da alheri."

Tun da take da shi bai taɓa ce mata 'yar'uwa ba. Ranar aurenta cewa ya yi yana yi wa angon jaje. Ranar da ta haihu cewa ya yi an gode Allah jaririn bai ɗauko hancinta ba. Mutumin nan ne yau yake sa mata albarka kamar baƙo.

"Me na ɓata?"

"Ba komai."

"Kar ka ba-komai ni. Dube ni nan. Me na ɓata?"

Ya nemi bakin bokitin ya zauna, ya miƙe ƙafar, sannan ya yi mata bayani yana kallon ƙasa. Ya ce sandunan nan dole su kasance sumul, domin ta cikin wata roba suke wucewa, robar ce ke tare man da ke ɗaga hannuwan. Idan tsatsa ta ci su ta yi rami, duk shiga da fita sai ta yanki robar, mai ya riƙa tsiyaya, hannuwan su rasa ƙarfi, wata rana ma su saki kaya a kan mota ko a kan mutum. Ya ce ledar ta hana ruwan sama shiga, gaskiya ne, amma ta hana danshin ƙasa fita. Rana ta buga baƙar leda, ciki ya yi zafi, ƙarfe ya yi gumi, gumin ya rasa inda za shi, haka kullum har damina ta zo ƙarshe. Ta tambaya ko ana samun sababbin sandunan. Ya ce ana samu, sai dai daga nesa ake kawowa, kafin su iso aikin yashin bana ya wuce.

Ba ta bukaci ƙarin bayani ba. Ta san gidansa. Ta san yadda matarsa ta yi ta juya abin da ke akwai tun da ya kwanta, ta san yaran da ke jiran komawa makaranta, ta san Kawu da maganinsa. Ta dubi hannuwanta, waɗanda suka yi ta ɗaure igiya suna ƙara matsewa duk bayan ruwa, tana ganin alheri take yi. Idonta ya fara zafi, ita kuwa ta gwammace komai a kan ta yi kuka a gabansa.

"Zage ni," in ji ta.

"Haba dai."

"Na ce ka zage ni. In ka tafi da wannan godiyar taka, na rantse ba zan ƙara shiga gidanku ba."

Ya dube ta, ya ga da gaske take. Ya shafa gemu, ya ɗan yi tari, ya gyara zama kamar mai tuno karatun da ya manta.

"To ni dai ajiya na ba ki. Wa ya ce ki turara mini loda? Da kin gaya mini girki kike, da na aiko da gishiri."

Wata dariya mai haɗe da hawaye ta kufce mata, ta goge fuska da bakin mayafi, nan take harshenta ya dawo. Ta ce shi wane irin direba ne da zai bar bokiti yana kallon sama baki buɗe kamar mai shi, ya bar sanduna tsirara ko ɗigon giris babu, ya ce kwana biyu ya tafi ya kwanta damina guda yana shan shayi. Ya ce ba kwanciya ya yi ba, faɗuwa ya yi. Ta ce wannan ma rashin iya aiki ne, mutum yana tuƙa abu mai ƙafa huɗu shekara da shekaru, ranar da aka ba shi mai ƙafa biyu ya kasa.

Ya aike ta ta ɗauko akwatin kayan aikinsa daga taraktar, ta ce ita ba 'yar aikensa ba ce, ta je ta ɗauko. A ciki akwai samfefa, takardar goge ƙarfe, mai laushi sosai, da gorar mai, da gwangwanin giris. Ya ce ba a sani ba tukuna ko tsatsar a sama ta tsaya ko ta shiga jiki, sai an goge za a gani. Ya yaga samfefar siri-siri, ya jiƙa da mai, ya nuna mata yadda za ta zagaya sandar da ita, ta kama bakin biyu tana ja a hankali, ba da ƙarfi ba, kada ta kankare ƙyallin gaba ɗaya.

Shi ya ɗauki na ƙasa, waɗanda zai iya kaiwa daga zaune. Na sama kuwa sai da ta gangaro da tsohuwar durom ta kifa ta hau.

"Yau dai kin ga duniya daga inda mutane suke ganinta," in ji shi.

"Na gani. Ashe tsakiyar kanka babu gashi, shi ya sa ba ka cire hula."

Rana ta ɗaga, kaji suka fito suna tona jiƙaƙƙiyar ƙasar da aka yaye. Suna ja suna shafewa da tsumma, jan ruwan tsatsa yana bin yatsunsu. Ya ba ta labarin maƙwabcin gadonsa a asibiti, wanda ke yin munshari har ledar ƙarin ruwa tana rawa. Ta ce ta ji labarin daga bakin mutumin, kuma shi ya ce Direba ne mai munsharin. Amma duk sa'ad da ta goge wani wuri, sai ta bi da farce kamar yadda ta ga ya yi, hankalinta ba ya kwanciya har sai farcen ya wuce bai maƙale ba.

Uku suka fita tas, ƙyallinsu ya dawo. A ta huɗun, wadda take gogewa a sama ta hagu, farcenta ya tsaya a wani ɗan rami da bai kai ƙwayar gero ba. Ta sake gogewa, ta sake bi, yana nan. Ta yi tunanin ta yi shiru, ko ba zai lura ba. Ta kasa.

"Akwai ɗaya a nan."

Ya miƙe da ƙyar, ya miƙa hannu ya taɓa, ya rufe ido yana murza wurin da yatsa. Ya ce ta ci gaba da bi a hankali har bakin ramin ya daina kaifi, sauran kuma sai an ɗaura an gwada, inji ne zai yanke hukunci.

Da ya zo duba tiyoyin man, sai ya yi turus. Ya tuna sarai a ƙasa ya bar bakunansu suna jan ƙura. Yanzu ga su a ɗaure a saman hannun lodar, kowane baki an naɗe shi da tsumma mai tsabta. Ta ce ta gan su ne a cikin taɓo kaji suna caccaka, ta wanke ta shanya ta rataye, in shi ma laifi ne ya faɗa ta ji. Ya kwance ɗaya ya leƙa ciki, ya hura, ya ce da yashi ya shiga nan, ba lodar kaɗai ba, har taraktar sai ta kwanta.

"Wato na ceci taraktarka."

"Bisa kuskure."

"Faɗi dai da bakinka."

"Na ce bisa kuskure, Guntuwa. Kar ki saba."

Hawa taraktar ya fi sauka wuya, ta juya baya kamar tana korar kaji don kada ya ga tana kallo. Ya tayar, ya zagayo, ya shigo tsakanin hannuwan a hankali, tana gaba tana yi masa nuni da hannu, tana cewa dama, dama, damarka ba ta Kawu ba. Ya haɗa tiyoyin, ta tura manyan ƙusoshin a raminsu, ya sa ta ja baya can nesa. Ya taɓa sandar sarrafawa. Lodar ta yi ƙara, ta girgiza, ƙasa ta zubo daga ƙarƙashin bokitin, sai ga hannuwan suna tashi har suka tsaya a sama suna tare rana. Ya sauke, ya ɗaga, ya juya bokitin gaba da baya, ya yi ta maimaitawa. Sannan ya ajiye ta ƙasa, ya ce ta zo da farin tsumma ta shafa bakin bututun mai ramin.

Ta shafa, ta duba, ta ɗaga masa ya gani. Ɗan maiƙo ne kawai, ko ɗigo bai taru ba.

"Za ta yi aiki," in ji shi. "Zan riƙa sa mata ido, amma za ta kai mu baɗi."

Ta buɗe baki za ta ce wani abu mai zafi, sai ta lura da shi. Zufa ta jiƙa wuyan rigarsa, ƙafar hagun, wadda yake taka kuloci da ita, tana karkarwa ita kaɗai, ya dafe cinyar da hannu yana cije leɓe. Ya kashe injin.

Ta tambaye shi ko likita ya san yana nan. Ya ce likita mutum ne mai yawan aiki, bai kamata a dame shi da ƙananan labarai ba. Ta tambaya ko Kawu ya sani. Ya ce Baba yana zaton yana ɗaki yana barci. Da ta matsa, ya faɗi gaskiya: an ce masa sai nan da wasu makonni kafin ya taka kuloci, shi kuma barci ya daina zuwa saboda tunanin lodar, ya ce gara ya zo ya gani da idonsa. Yanzu ya gani, ƙafar kuma ta ba shi amsa. Aiki sai ruwa ya ɗauke sarai. Kafin nan dole a sake ajiye ta. Ya ƙara da cewa bakaniken da ke gyara masa ya ce akwai wuri a garejinsa, ƙarƙashin rufin kwano.

Ta sunkuya tana naɗe igiya don kada ya ga fuskarta. Ai daidai ne, ta faɗa wa kanta. Wanda ya kusa kashe maka abin neman abinci ba ka sake ba shi ajiya.

"Madalla. Kwashe tarkacenka ka ba ni wuri, dama ina son shuka a nan."

"Wa ya ce can zan kai?"

Ta ɗago.

"A garejin nan, in na bar ta mako guda, ƙusoshin za su yi ƙafa su tafi. Kuma duk cikinsu babu wanda ya kai ki rashin aikin yi, da zai zauna yana yi wa leda ɗinki. A nan za ta zauna. Sai dai wannan karon ajiya za mu yi, ba girki ba."

Ta ce sai ta yi shawara da kajinta. Ta juya da sauri ta tafi neman katako, don murmushin ya fi ƙarfinta.

Ta jawo katakan tsohuwar ƙofar ɗakin kaji, ya nuna mata wuri mai ɗan tudu inda ruwa ba ya kwanciya, ta shimfiɗa su a can. Ya daure ya sake tayar da injin, ya sauke lodar a kansu, ƙafafun tsayawarta a kan katako, bokitin ma a kan katako, bakinsa ya karkata ƙasa yadda ko an yi ruwa zai zube. Ya shigar da sandunan iyakar yadda za su shiga, ya kashe injin, ya motsa sandar sarrafawa gaba da baya don man ya huce, sannan suka cire tiyoyin ta sake naɗe bakunansu ta rataye. Abin da ya rage na sandunan a waje, ya ce ta lafta masa giris kada ta yi rowa, ta bi duk wata gaɓa mai juyawa ita ma ta shafe. Ta ce da ya yi wannan tun farko da bai sa baiwar Allah wahala ba. Ya ce baiwar Allah ta yi ta aikinta.

Ledar kuwa ba a jefar ba. Suka kafa sanduna huɗu, ta ɗaure ta a sama kamar rumfa, ta ɗan karkata don ruwa ya gangara, gefe da gefe a buɗe iska tana ratsawa. Ya ce duk bayan ruwa ta leƙo ta duba, inda giris ya wanke ta ƙara. Ta ce ta ji, amma ya sani daga yau ita ce shugabar lodar, shi direba ne kawai.

Ya ja taraktar baya ya sauko don ya huta kafin ya kama hanya. Gidan Kawu ba nisa, ya ce a giya ɗaya zai lallaɓa har ƙofa. Ta ce ya jira, ba za a ce ya zo gidanta bayan jinya ya koma hannu wofi ba. Ta shiga ɗakin kajin, aka ji kaji suna kururuwa, ta fito da wani ƙaton jan zakara a hammata.

Direba ya washe baki, ya ce ashe dai ta san darajar manya. Ya miƙo hannu.

"Tsaya tukuna. Sai ka ga tafiyarsa."

Ta ajiye zakaran a ƙasa. Ya karkaɗe fukafukai, ya miƙe wuya da isa, ya taka dama, sannan ya jawo hagu a hankali. Ya sake taka dama, ya jawo hagu. Ƙofa ce ta taɓa datse masa ƙafa yana ƙarami. Ya nufi inuwar taraktar da wannan tafiya tasa, ya je ya tsaya daidai gefen sandar Direba, ya karkata kai yana kallonsa.

Direba ya dubi zakara, ya dubi ƙafarsa. Dariya ta kama shi tun daga ciki, har sai da ya saki sandar ya jingina da tayar taraktar yana share hawaye da hula, ita kuma tana tsaye hannu a ƙugu, giris har goshi, tana jira.

"Na sallama," in ji shi da numfashi ya dawo. "Yau taki ce. Miƙo mini ƙanena mu tafi, kafin Baba ya leƙa ɗaki."